BABI NA UKU: ƘAURA DAGA WINDOWS ZUWA LINUX A KWAMFUTAR GIDA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin sassan kwamfuta da irin ayyukan da ake yi da ita a cikin gida. Wannan babi kuwa zai dubi wani al'amari da ya taso wa masu kwamfuta da dama tun daga ƙarshen shekarar 2025, wato batun barin babbar manhajar Windows a koma wa Linux. Za a fito da ma'anar buɗaɗɗiyar manhaja da asalinta, da dalilin da ya sa ƙaurar ta zama abin dubawa, sa'annan a auna sauƙin da ake cewa ana samu, domin a ga inda maganar ta tabbata da kuma inda take da rauni.

3.1 Babbar Manhaja da Buɗaɗɗen Tushe

Idan aka ce babbar manhaja, ana nufin manhajar da ke tsaye tsakanin ƙarafan kwamfuta da sauran ƙananan manhajojin da mutum yake aiki da su, kamar ta rubutu da ta kallon fim da ta shiga intanet. Ana iya kwatanta ta da sarkin tasha. Shi ba ya tuƙa mota, amma shi ke tsara layi, ya faɗi motar da za ta yi lodi da wadda za ta jira, ya kuma raba faɗa idan direbobi biyu suka nemi wuri ɗaya. Haka babbar manhaja take raba lokacin ƙwaƙwalwar kwamfuta da filin ma'adanarta tsakanin manhajoji. Windows ta kamfanin Microsoft da macOS ta kamfanin Apple da kuma Linux duk wannan aiki suke yi.

Kowace manhaja tana da siffa biyu. Akwai asalin umarnin da masu tsara ta suka rubuta, wanda mai ilimin abin zai iya karantawa ya gyara, shi ne ake kira tushe a wannan nazari. Akwai kuma siffar da aka juya zuwa lambobin da kwamfuta kaɗai ke ganewa. Kamfanin da ke sayar da rufaffiyar manhaja siffa ta biyu kawai yake bayarwa, ya riƙe tushen a wurinsa. Hasali ma wanda ya biya kuɗin Windows ba manhajar ya saya ba, izinin amfani da ita ya saya bisa sharuɗɗan da kamfanin ya gindaya. Matsayinsa ya fi kusa da na ɗan haya. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka saki tushenta ga kowa, aka kuma yarda a yi amfani da ita, a nazarce ta, a gyara ta, a kwafa wa wani ba tare da neman izini ba.

Wanda ya fara tsayawa a kan wannan aƙida shi ne Richard Stallman, Ba'amurke, wanda ya sanar da aikin GNU a shekarar 1983 da nufin gina babbar manhajar da ba ta ƙarƙashin ikon wani kamfani. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda sharaɗinsa mafi muhimmanci shi ne, duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba ta, dole ne shi ma ya saki tushen gyaran da ya yi. Zuwa farkon shekarun 1990 aikin GNU ya samar da kayan aiki masu yawa, amma bai kammala ƙwayar babbar manhajar ba, wato sashen da ke hulɗa kai tsaye da ƙarafan kwamfuta. Wannan giɓi ne Linus Torvalds, ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya cike da ƙwayar da ya sanar da ita a watan Agusta na 1991, ya kuma sanya ta ƙarƙashin lasisin GPL a 1992. Haɗuwar ƙwayar Torvalds da kayan GNU ita ta haifar da abin da jama'a ke kira Linux. Laƙabin buɗaɗɗen tushe kuwa sai a 1998 aka fara yayata shi.

Abin lura a nan shi ne, kalmar Ingilishi da Stallman ya yi amfani da ita tana ɗaukar ma'anar 'yanci da kuma ma'anar kyauta, har ya zama sai ya riƙa bayanin wadda yake nufi. Hausa ba ta da wannan matsala, domin ta bambanta kalmomin biyu. 'Yanci ake nufi. Kasancewar mafi yawan nau'o'in Linux ana sauke su ba da ko kwabo ba, sakamako ne na wannan 'yanci.

3.2 Abin da Ya Sa Maganar Ƙaura Ta Taso

Linux ba baƙuwa ba ce a duniyar na'urori. Manhajar Android da ke cikin wayoyin hannu a kan ƙwayar Linux aka gina ta, kuma a watan Nuwamba na 2017 dukkan manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya suka kasance da ita suke aiki. A kan teburin gida ne kawai ta kasa yin tasiri, inda ƙididdigar StatCounter ta nuna rabonta bai wuce kimanin kashi 4 cikin ɗari ba a shekarar 2024. Dalili kuwa a fili yake: kusan duk kwamfutar da aka saya tana zuwa da Windows a ciki, kuma mutum ba ya neman sauya abin da yake yi masa aiki.

Abin da ya sauya lissafin shi ne matakin da Microsoft ya ɗauka na daina tallafa wa Windows 10 daga ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, shekara goma bayan fitowarta a 2015. Kamfanin ya buɗe wa masu amfanin gida wani shiri na ƙarin wa'adi zuwa watan Oktoba na 2026, amma jinkiri ne kawai. Daina tallafi ba ya nufin kwamfutar za ta ƙi tashi. Abin da yake nufi shi ne, duk wata ɓaraka ta tsaro da aka gano daga baya ba za a ɗinke ta ba. Haɗarin irin wannan ya bayyana a watan Mayu na 2017, lokacin da ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, ta hanyar wata ɓaraka da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda maganin bai kai ga kwamfutocinsu ba.

Da a ce kowace kwamfuta za ta iya ɗaukar Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, da maganar ta ƙare a nan. To amma sabuwar manhajar ta zo da sharuɗɗa. Ban da ma'adanar wucin gadi mai gigabait 4 da babbar ma'adana mai gigabait 64, tana buƙatar wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwa ta zamani, wadda a ɓangaren kamfanin Intel galibi ta fara ne daga tsara ta takwas da ta fito a 2017. Ke nan kwamfutoci irin su HP EliteBook 840 G3 da Lenovo ThinkPad T460, waɗanda aka yi su a 2016 kuma har yanzu da yawansu lafiyarsu ƙalau, ba sa cikin lissafi. Akwai dabarun da masu gyara ke bi su cusa Windows 11 a irin waɗannan na'urori, sai dai kamfanin ya bayyana cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko musu da sabuntawa ba.

A nan ne al'amarin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Kwamfutocin da ɗalibai da malamai da ƙananan ma'aikata ke iya saye mafi yawa na hannu ne, waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka ana kiran su tokumbo, a baje su a kasuwanni irin su kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas da titin Beirut a Kano. Irin waɗannan su ne ma'aikatun can ke zubarwa idan sun sauya sababbi. Magidancin da ya tara kuɗi ya saya wa 'ya'yansa irin wannan na'ura yana gaban zaɓi uku: ya ci gaba da manhajar da aka daina kula da ita, ko ya sayi wata kwamfutar, ko ya sauya babbar manhajar ya bar ƙarfen yadda yake. Na ukun ne kaɗai ke maganin ɓarakar ba tare da an taɓa aljihu sosai ba.

3.3 Zaɓen Nau'i

Linux ba ɗaya ba ce. Tun da kowa yana da damar ɗaukar tushen ya sake shirya shi, an sami ɗaruruwan nau'o'i, kuma wannan yawa shi ne abu na farko da ke rikita sabon shiga. Ga mai amfanin gida biyu sun wadatar a duba. Akwai Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fara fitarwa a watan Oktoba na 2004 a kan harsashin Debian da Ian Murdock ya assasa a 1993. Sunan ya samo asali ne daga harsunan Zulu da Khosa, kuma ma'anarsa ta yi kusa da mutuntaka. Akwai kuma Linux Mint, wadda Bafaranshe Clément Lefèbvre ya fara a 2006 a kan Ubuntu. A ganin wannan nazari Mint ta fi dacewa da wanda ya saba da Windows, saboda fuskarta mai suna Cinnamon ta ajiye maɓallin farawa da jerin manhajoji da agogo a wuraren da hannu ya saba zuwa. Zubinta na 22, wanda ya fito a 2024, an yi alkawarin tallafa masa har zuwa 2029, kuma yana iya tashi da ma'adanar wucin gadi mai gigabait 2, ko da yake 4 ta fi. Ga na'urar da ta fi rauni akwai zubin da ke da fuskar Xfce, wadda ba ta da nauyi.

3.4 Yadda Ake Ƙaurar

Wata falala da Linux take da ita ita ce ana iya ɗanɗana ta kafin a girka. Ana sauke fayil ɗinta daga intanet, wanda girmansa ya kusa gigabait 3 idan Mint ce, a rubuta shi a kan filas da wata ƙaramar manhaja kamar Rufus, sa'annan a tayar da kwamfutar daga filas ɗin. Manhajar za ta buɗe gaba ɗayanta ba tare da ta taɓa komai a babbar ma'adana ba. A wannan lokaci ne ake gwada sauti da kyamara da haɗin intanet da firinta. Idan wani abu ya ƙi, sai a zare filas a koma Windows kamar ba a yi ba. Filas ɗaya kuma yana iya zagaya unguwa guda, kuma babu dokar da aka karya.

Idan an gamsu, abu na farko shi ne a kwashe hotuna da takardu zuwa wata ma'adana ta waje. Wannan mataki ba abin wasa ba ne, domin girkawa tana iya share duk abin da ke cikin kwamfutar idan aka zaɓi hakan ko aka yi kuskuren zaɓi. Daga nan mutum yana da hanya biyu, ko dai ya ba Linux ma'adanar gaba ɗaya, ko ya raba ta biyu ya bar Windows a gefe, ta yadda duk lokacin da aka kunna kwamfutar za ta tambayi wadda ake so. Hanya ta biyu ta fi kwantar da hankali a gidan da mutane da yawa ke amfani da na'ura ɗaya. Sai dai a kula, ɗaukewar wuta a tsakiyar rabon ma'adana tana iya lalata ɓangarorin biyu, don haka ba a fara aikin da kwamfutar teburi ko wadda batirinta ya mutu sai an tabbatar da wuta.

3.5 Inda Sauƙin Yake da Inda Babu Shi

Idan aka dubi abin da ake yi da kwamfutar gida, za a ga mafi yawansa bai wuce shiga intanet da rubutu da kallo da sauraro da ajiye hotuna ba. Duk waɗannan Mint tana zuwa da kayan yin su ko kuma ana samun su nan take. Firefox tana ciki tun farko, Chrome da VLC da Zoom duk suna da zubin Linux, WhatsApp kuma ana buɗe shi ta cikin manhajar shiga intanet. Maimakon Microsoft Office akwai LibreOffice, wadda aka fara a 2010, mai ɗauke da sashen rubutu da na lissafi da na gabatar da jawabi.

Sauƙin da ya fi kowane girma ya shafi yadda ake samun manhajoji. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa kwamfutocin hannu da dama suna zuwa da Windows da Office waɗanda aka fasa makullinsu, kuma kayan fasa makullin kansu hanya ce da ƙwayoyin cuta ke bi. A Linux manhajoji suna zuwa ne daga rumbu ɗaya wanda masu kula da nau'in suke tantancewa, mutum ya buɗe, ya nemi abin da yake so, ya danna, ya sa kalmar sirrinsa. Sabuntawa ma ta ƙofa ɗaya take zuwa ga dukkan manhajojin, kuma a Mint mai kwamfuta ne ke zaɓen lokacin da za a yi ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke sayen data da awo, yake jiran garaɓasar dare. Haka kuma ƙwayar cutar nan da ke bin filas daga shagunan buga takardu tana ɓoye fayiloli, an tsara ta ne domin Windows, ba ta tashi a Linux, ko da yake filas ɗin zai iya ci gaba da ɗauke da ita zuwa wata kwamfutar.

Duk da haka kuskure ne a ce Linux ba ta kamuwa. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano wata ƙofar sata da aka dasa da gangan a cikin manhajar xz, wadda nau'o'in Linux da yawa suka dogara da ita. An gano ta kafin ta kai ga mafi yawan masu amfani, kuma buɗewar tushen ta taimaka wajen bin sawunta, amma ta wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ce mai dasawar ya shigo a matsayin mai taimako. Abin dariya kuma shi ne, Freund ma'aikacin Microsoft ne.

Inda sauƙin ya ƙare shi ne wajen manhajojin sana'a. Microsoft Office da Adobe Photoshop da CorelDRAW ba su da zubin Linux. Wanda yake cin abinci da CorelDRAW, yana tsara katunan biki da kalanda da fastocin siyasa, ba za a ce masa ya koma Inkscape a kwana ɗaya ba, domin fayilolinsa na shekaru da na abokan hulɗarsa duk a wancan tsari suke. Irin wannan gara ya raba ma'adanarsa biyu. Akwai kuma matsalar masu gyara. Yawancinsu a kan Windows suka koyi aiki, kuma maganin da suka fi sani idan kwamfuta ta rikice shi ne a goge a sake ɗora Windows. Gidan da ba shi da wanda zai iya karanta bayani da Ingilishi ya bi shi daki-daki zai ji jiki ranar da firinta ta ƙi aiki.

Takardun Word suna buɗewa a LibreOffice, ana kuma iya ajiye sababbi a tsarin Word. Sai dai shafuka kan ɗan gusa, musamman idan akwai jadawali da yawa ko kuma salon haruffan da aka yi amfani da shi babu shi a kwamfutar. An tanadi Liberation Serif mai faɗin haruffa daidai da na Times New Roman domin rage wannan, amma ɗalibin da zai kai aikinsa shagon bugawa ya fi masa alheri ya mayar da shi PDF tukuna.

3.6 Linux da Rubutun Hausa

Tambayar da ta fi damun mai nazarin Hausa ita ce ta haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a Nijar a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Dukkansu suna da gurbi a tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. Linux tana zuwa da tsarin allon rubutu na Hausar Nijeriya da na Hausar Gana, ana ƙara shi daga wurin saiti ba tare da an sauke komai ba, kuma salon haruffa irin su DejaVu da Noto suna nuna su daidai. Wanda bai sauya allo ba yana iya danna Ctrl da Shift da U tare a manhajoji da yawa, ya rubuta 0199 ya sami ƙ, ko 0257 ya sami ɗ, ko 0253 ya sami ɓ. Ta fuskar fassara umarnin da ke kan fuskar kwamfuta kuwa Microsoft ya riga ya fitar da na Hausa ga Windows, alhali a manyan nau'o'in Linux aikin bai yi nisa ba. An taɓa yin wani nau'i a Nijeriya mai suna Wazobia Linux da nufin kawo Hausa da Yarabanci da Ibo, amma bai ɗore ba.

Matsalar da ta fi wannan girma tana cikin tsofaffin takardu. Kafin Unicode ya yaɗu, marubuta da sassan Hausa na jami'o'i sun dogara da salon haruffa na musamman irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, kuma sun yi wa rubutun Hausa babbar hidima a lokacinsu. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce aron gurbin wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba, a zana harafin Hausa a wurinsu. Saboda haka idan aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da salon, sai a ga }asa a maimakon ƙasa, da ]aya a maimakon ɗaya, da ~arawo a maimakon ɓarawo. Wanda ya koma Linux ya buɗe kundinsa ya ga haka zai zaci sabuwar manhajar ce ta ɓata masa aiki, alhali ko a sabuwar Windows abin da zai gani ke nan.

Gyaran iri biyu ne. Mai sauƙin shi ne a kwafo fayil ɗin salon haruffan daga tsohuwar Windows kafin a goge ta, a girka shi a Linux, domin ita ma tana karɓar irin waɗannan fayiloli. Wannan zai dawo da takardar yadda take a ido, amma kwamfuta za ta ci gaba da ɗaukar harafin a matsayin alama, ta yadda neman kalma ko jera kalmomi bisa abacada ko aika rubutun ta waya ba zai yi daidai ba. Gyara na biyu shi ne a yi amfani da umarnin nema da musanyawa na LibreOffice a sauya kowace alama da harafinta na Unicode, ƙanana uku da manya uku. A nan sai an yi hattara da takardun nahawu da na tsarin sauti, domin a cikinsu ana amfani da baka mai kusurwa wajen nuna furuci, kuma musanyawar bai-ɗaya za ta mayar da waɗannan bakunan su ma su zama Ɗ da ɗ. Irin waɗannan takardu sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, bayan an ajiye kwafin asali a gefe.